Yadda Japanawa ke tarbar sabon zamanin sarki, da yadda kai ma za ka iya lissafinsu

Wani ƙanena da ke harkar kayan gyaran mota a kasuwar Ladipo ta Legas ne ya turo min hoton wata takarda ta WhatsApp, ta zo tare da wasu injina daga Japan, wajen shekara an rubuta H27, ya ce yaya don Allah wannan wace irin shekara ce kuma? Na ce masa 2015 kenan. Ya ce ta yaya. Toh daga nan hira ta ja, har da daddare a majalisarmu ta Agege wajen mai shayi muka ci gaba, shi ne na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, don abin yana burge ni matuƙa kuma mu Hausawa bai kamata ya zame mana baƙo ba.

Ka fara da abin da ka sani. Idan tsohuwa a Kano ta ce maka "ai ni zamanin Sarki Sanusi aka haife ni", ko wani ya ce "duk wannan a zamanin Ado aka yi", ka gane nufinsu ba sai an kawo maka kalanda ba, tunda Ado Bayero ya hau a 1963 ya rasu a 2014. Su Japanawa wannan ɗabi'ar suka mayar doka. Duk sarkin da ya hau gadon sarauta sai a raɗa wa zamaninsa suna, a fara ƙirga daga shekara ta ɗaya, kuma da shi ake rubuta takardun gwamnati, yana jikin kwabbansu, yana jikin lasin tuƙi. Suna kiran abin gengo. Sun faro shi tun shekarar 645 da zamanin da ake kira Taika, amma tsarin sarki ɗaya suna ɗaya daga 1868 ya fara da Meiji, sai Taisho a 1912, sai Showa a 1926, sai Heisei a 1989, sai Reiwa da ake ciki yanzu tun 1 ga Mayu 2019.

Abu na farko idan sabon zamani zai shigo shi ne jiran suna, kamar dai yadda ake zaman jiran a raɗa wa jariri suna ran bakwai. Gwamnati ce ke zaɓa, ba sarki ba, akwai doka a kai tun 1979. Ana sa malamai masana tsofaffin littattafai su kawo sunaye, dole ya zama haruffa biyu na rubutunsu, mai sauƙin karantawa da rubutawa, mai ma'ana mai kyau, kuma wanda ba a taɓa amfani da shi ba. A 2019 mutum tara aka tara don jin ra'ayinsu, har wayoyinsu sai da aka karɓe don kar magana ta fita kafin lokaci. Ran 1 ga Afrilu sakataren majalisar ministoci Yoshihide Suga ya fito gaban kamara ya ɗaga allo da rubutun hannu na baƙin tawada, Reiwa. Mutane a tsaye a titi sun zuba wa manyan talabijin na jikin gine-gine ido, jaridu suka buga fitowa ta musamman ana rabawa kyauta ana ta wawaso. Daga ranar yara suka laƙaba wa Suga "Kawun Reiwa", kuma shi ne ya zama firaminista a 2020.

Sunan daga Manyoshu aka ciro shi, wani kundin waƙoƙinsu na ƙarni na takwas, daga wajen da ake maganar furen wata bishiya da ke tohowa a ƙarshen sanyi. Wannan ne karo na farko da aka ɗauko daga littafin Japan, da can duk daga littattafan ƙasar Sin ake ɗaukowa. Ma'anar da gwamnati ta bayar ita ce kyakkyawan zaman jituwa. Dalilin da ya sa aka faɗi sunan wata guda kafin ya fara aiki kuwa don masu kwamfuta da bankuna da ofisoshi su samu su gyara na'urorinsu ne.

Yanzu ga inda nake so ka lura sosai, don shi ne zai nuna maka ko murna ake ko akasin haka: ka duba yadda tsohon sarki ya bar kujera. A al'ada sai sarki ya mutu zamani ke canzawa. Sarki Hirohito na zamanin Showa ya rasu 7 ga Janairu 1989, a ranar sakataren majalisar ministoci na lokacin Keizo Obuchi ya ɗaga allon Heisei, washegari aka shiga sabon zamani, ƙasa tana cikin zaman makoki, tun yana jinya aka yi ta soke bukukuwa da shagulgula. Babu wanda zai yi shewa a irin wannan rana. Amma 2019 daban ce, domin Akihito, ɗan Hirohito kuma sarkin zamanin Heisei, da ransa ya sauka. A Agusta 2016 ya yi wa jama'a jawabi ta bidiyo cewa shekaru sun ja, yana tsoron ƙarfinsa ba zai kai ya sauke nauyin da ke kansa ba, majalisa ta yi masa doka ta musamman a 2017, ya yi murabus 30 ga Afrilu 2019 yana da shekara 85. Rabon da a ga haka a Japan tun 1817. Wallahi wannan ya taɓa min zuciya, dattijo ya dubi kansa ya faɗi gaskiya, ya miƙa wa ɗansa yana ji yana gani. Shi ya sa mutane suka samu sakewa suka yi murna ba tare da jin nauyi ba.

Toh ya suka yi a daren shiga Reiwa? Ka ɗauka daren sabuwar shekara ne aka ɗauko aka dasa a tsakiyar shekara. An haɗa hutu na kwana goma cur, daga 27 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu. Matasa suka cika mahaɗar Shibuya a Tokyo da lemominsu ana ruwa, suna ƙirga daƙiƙoƙi har sha biyun dare ta buga. Japan ta riga mu da awa takwas, kenan lokacin da suke ihu mu nan Legas ƙarfe huɗu na yamma ne, muna shirin la'asar. Wasu a gida suka zauna suka ci taliyar soba, wadda suka saba ci a daren ƙarshen shekara. Wasu suka yi sammako don ganin fitowar ranar farko ta sabon zamani. Masoya kuwa suka yi layi a ofisoshin ƙaramar hukuma da tsakar dare don a rubuta aurensu da kwanan ranar farko ta Reiwa, kaga abin tarihi kenan da za su nuna wa jikoki.

Akwai kuma son ajiye abin tunawa, su kam akwai su da wannan. Tikitin jirgin ƙasa mai kwanan ranar ƙarshe ta Heisei da na ranar farko ta Reiwa, jaridar ranar, kwabban da aka buga na musamman, duk ana ajiyewa. Da yawa sun je wuraren bautarsu na Shinto da na Buda suna karɓar wani jan hatimi da ake kira goshuin mai ɗauke da kwanan wata, wani ƙaramin wurin bauta a garin Dazaifu da ake dangantawa da asalin waƙar nan ya cika ya batse. Wannan ɓangaren addininsu ne, in Allah ya kai ka can ɗan'uwa, ba sai ka shiga ba kuma ba wanda zai ga laifinka, tikiti ko jarida ta ishe ka tsaraba.

A fada kuma tsari ne daki-daki, ba rana ɗaya ake gamawa ba. Safiyar 1 ga Mayu aka kawo wa sabon sarki Naruhito, ɗan Akihito, kayan sarauta, takobi da wani dutse mai daraja, a naɗe cikin akwatuna ba a buɗewa, tare da hatimin sarki da na ƙasa. Cikon na ukun madubi ne, shi yana can a ajiye a wurin bautarsu na garin Ise. Duk wanda ya taɓa ganin an miƙa wa sarkin Kano tagwayen masu zai gane abin da ake nufi. Da haka ya zama sarki na 126 a lissafinsu. Ran 4 ga Mayu aka buɗe ƙofar fada, mutum sama da 140,000 suka shiga da ƙananan tutoci suna kaɗawa. Babban bikin naɗi sai 22 ga Oktoba, ya hau wata doguwar karaga mai rumfa da ake kira Takamikura, baƙi daga ƙasashen duniya suna kallo, firaminista Shinzo Abe ya ɗaga hannu ya ce banzai sau uku, wato irin namu na ran sarki ya daɗe. An shirya zagayen gari a buɗaɗɗiyar mota a ranar, amma saboda guguwar Hagibis da ta yi ɓarna ta kashe mutane kwanaki kaɗan kafin nan sai aka ɗaga zuwa 10 ga Nuwamba. Na ƙarshe shi ne Daijosai, daren 14 zuwa 15 ga Nuwamba, inda sarki ke gabatar da sabuwar shinkafa bisa addininsu, sau ɗaya tak yake yinsa a mulkinsa.

In kana da abokin kasuwa Bajapane kana so ka taya shi murna a irin wannan lokaci, ka ce omedeto gozaimasu, wato barka. Amma ka kiyaye abu ɗaya, kar ka kira sarki mai rai da sunan zamaninsa, sai bayan ya mutu ake yin haka, shi ya sa yanzu suke ce wa Hirohito Sarki Showa. Mai ci kuwa ba sa ma kama sunansa, Tenno Heika suke cewa, kamar yadda mu ma muke sakaya sunan sarki mu ce Mai Martaba ko Takawa.

Mu dawo kan takardar ƙanena, ga lissafin. In ka ga R, Reiwa ce, ka ƙara 2018, kenan R3 ita ce 2021, R6 kuma 2024. In ka ga H, Heisei ce, ka ƙara 1988, shi ya sa H27 ta zama 2015. In tsohon kaya ne ka ga S, Showa ce, ka ƙara 1925, S60 ita ce 1985. Inda ake ruɗewa shi ne shekarar canji, don sunanta biyu: 2019 daga Janairu zuwa ƙarshen Afrilu H31 ce, daga Mayu zuwa Disamba R1 ce, haka 1989 kwana bakwai na farkonta S64 ne, sauran duka H1. Kuma sau da yawa ba sa rubuta 1 a shekarar farko, wani harafi suke sawa da ake karantawa gannen, in ka ga R da wani ɗan zane a maimakon lamba toh 2019 ake nufi. Su shekara suke fara rubutawa, sai wata, sai rana, don haka H27.3.9 tana nufin 9 ga Maris 2015, kar ka juya ta yadda muka saba a nan. Ka rubuta lambobin nan uku, 2018 da 1988 da 1925, a bangon littafin shagonka ko ka ajiye a waya, duk ranar da kwantena ta sauka a Apapa aka miƙo maka takarda sai ka duba kafin ka yi ciniki.