Yadda ake zama lauyan kare haƙƙin 'yan LGBT a Amurka

To idan wannan layin kake so ka bi a Amurka, wato kare haƙƙin 'yan luwaɗi, 'yan maɗigo, masu sha'awar maza da mata duka da masu sauya jinsi, ka sani ba a shiga karatun lauya kai tsaye daga sakandare, sai ka fara yin digiri na shekara 4 a kowane fanni, ka rubuta jarabawar LSAT ta neman shiga makarantar lauyoyi, sannan ka yi shekara 3 a makarantar lauyoyi, daga nan ka ci jarabawar samun lasisi ta jihar da za ka yi aiki.

Tun kana makaranta ka maida hankali kan tsarin mulki musamman gyara na 14 da ya ce doka ta kare kowa daidai, da dokar haƙƙin jama'a ta 1964, don da ita kotun ƙoli ta yanke a 2020 cewa ba za a kori mutum daga aiki saboda yana ɗan luwaɗi ko ya sauya jinsi ba. Lokacin hutu ka nemi koyon aiki a ƙungiyoyin kare haƙƙi ta hanyar shari'a irin su Lambda Legal ko ACLU, albashin wannan layin bai kai na manyan ofisoshin lauyoyi ba gaskiya.

Sai haƙuri, nan ne aikin yake wallahi. Dubi lauya Mary Bonauto, ta shiga GLAD, ƙungiyar lauyoyi masu kare 'yan LGBT, a Boston a 1990, wanda aka kora daga aiki da wanda aka hana hayar gida duk ta saurare su, sai 2003 ta ci shari'ar Goodridge da ta halatta auren jinsi a jihar Massachusetts, kuma sai 2015 ta tsaya gaban kotun ƙoli a shari'ar Obergefell inda alƙalai 5 suka rinjayi 4 aka halatta auren jinsi a faɗin ƙasar. Ka koyi zaɓen ƙarar da za ta iya kaiwa sama, kuma ka riƙe sirrin wanda kake karewa da kyau domin wani ko iyayensa ba su sani ba.