Yadda za ka gwada tasirin poliyamin a kan yauƙin ƙwayar kwalara a leb

Masu furojet a maikurobayoloji ku matso. Kun san yauƙin nan da ke kama jikin randa in an kwana biyu ba a wanke ba? To irinsa ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, ke yi ta lulluɓe kanta, shi ake kira biyofim. Sinadarai biyu 'yan gidan poliyamin, wato wasu ƙananan sinadarai da ake samu a jikin halittu, ne ke juya ta: nosifamidin, wanda ita kanta take sarrafawa, yana sa ta manne, sifamidin kuma da ke da yawa a hanjin mutum yana sa ta saki. Kabon ɗaya tal ya raba su fa, abin mamaki.

Da farko dai kar ka taɓa ƙwayar nan sai a leb mai matakin tsaro na 2, da safar hannu, malaminka na kusa.

Ka reno ta ta kwana, da safe ka tsarma ka raba kwalaben gwaji kashi uku, ɗaya ba ka zuba masa poliyamin ba, ɗaya nosifamidin, ɗaya sifamidin, kamar maikuromola 100 kowanne. Ka ajiye a digiri 27 zuwa 30 na awa 24 kar ka girgiza, girgizawa na hana ta kamawa. A ruwan renon ƙwaya, ni na fi son ruwan tirifton a kan wanda ake kira LB domin LB ɗin da ma akwai ɗan sifamidin a ciki, sai ya rikita maka lissafi.

Washegari ka zubar da ruwan, ka ɗauraye a hankali, a nan ake ɓarna wallahi, mutum ya watsa ruwa da ƙarfi ya wanke aikinsa gaba ɗaya. Sai ka rina yauƙin da ya kama jikin kwalbar da rinin kiristal bayolet kashi 0.1 cikin ɗari na minti 15, ka sake ɗaurayewa, ka narkar da launin da asitik asid ka auna duhunsa da na'urar auna haske a nanomita 570. Kwalbar nosifamidin za ta fi duhu, ta sifamidin ta fi haske.

In aka tambaye ka dalili ranar difens, furotin NspS ne ke cafke poliyamin ɗin ya isar da saƙon ga wani furotin, MbaA, da ke jikin fatar ƙwayar. In nosifamidin ya kama, c-di-GMP, sinadarin da ke kai saƙo a cikin ƙwayar, ya ƙaru, sai ƙwayoyin halittar vps su tashi a fara saƙa yauƙi. In sifamidin ne MbaA ya koma farfasa c-di-GMP ɗin. Ece Karatan da Paula Watnick suka bayyana NspS a Amurka a 2005, kuma in ka samu ƙwayar da aka cire wa ƙwayar halittar nspS, mai samar da furotin NspS, ka haɗa da ita, ita ko ka zuba mata wanne ba za ta canza ba.