Yadda za ka sa shafinka na intanet ya yi aiki da madannai kaɗai

Ajiye linzamin kwamfuta gefe, ka buɗe shafin da ka gina. Haka makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo da murya, irin su NVDA ko JAWS, yake shiga shafin, haka ma wanda hannunsa ke rawa.

Fara da Tab. Duk dannawa ɗaya ta kai ka mahaɗa ko maɓalli na gaba, bisa tsarin da ido ke bi. Shift da Tab su dawo da kai baya. Enter ya buɗe mahaɗa, Space ya sa alama a akwatin zaɓi, Esc ya rufe tagar da ta faɗo. Idan Tab ya tsallake wani maɓalli, galibi da div aka gina shi. Mayar da shi button, burauza za ta yi sauran. In dole sai div ɗin, sa masa tabindex="0" da role="button", sannan ka rubuta masa amsar Enter da Space. Kada lambar tabindex ta haura sifili, tana hargitsa jeri.

Zoben da ke nuna inda ka tsaya kuwa, masu ƙawata shafi sukan goge shi da outline: none. Wannan ɓarna ce babba. Canza masa launi ko kauri, amma ya kasance ana ganinsa. A saman shafi kuma sa mahaɗar "Tsallaka zuwa abin da ke ciki".

Sai gajerun hanyoyi, wato madannan da ake dannawa a yi wani aiki kai tsaye, inda aka fi yin tuntuɓe. Harafi ɗaya tilo yana da daɗi, kamar K da ke tsayar da bidiyo a YouTube. Amma a NVDA, K na zuwa mahaɗa ta gaba ne, H kuma taken rubutu na gaba, don haka naka harafin ba zai kai ga shafin ba. Mai sarrafa kwamfuta da murya kuma, kalma ɗaya tana iya tayar masa da umarni barkatai. Shi ya sa ƙa'idar WCAG 2.1 ta 2018 (ƙa'idar sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da intanet), sashe na 2.1.4, ta ce a ba mutum damar kashe irin wannan gajeriyar hanya, ko sauya ta ya haɗa da Ctrl ko Alt, ko kuma ta yi aiki sai an tsaya kan abin da ta shafa.

Yi hattara da accesskey, alamar HTML da ke ba mahaɗa ko maɓalli gajeriyar hanya. A Windows, Chrome na kiransa da Alt, Firefox da Alt da Shift, kuma yakan ci karo da na burauza, kamar Alt da D mai kai mutum layin adireshi. Ka tanadi jerin gajerun hanyoyinka da alamar tambaya za ta buɗe, kamar yadda Gmail ke yi.