Ga masu koyon kiɗa da MuseScore, ku gwada wannan

Salam 'yan uwa. Jiya bayan isha'i muna zaune a nan Jidda wani ƙanena da ke koyon kaɗa ud (wani kayan kiɗa mai tsirkiya na Larabawa) yake ta mita, wai duk sanda ya ɓata a tsakiyar waƙa sai ya koma farko ya sake ji, nace haba malam ai ba sai ka wahala haka ba.

In kana da MuseScore 4, manhajar kwamfuta ta rubuta kiɗa da sauraronsa, wanda ya fito a Disamban 2022 kuma kyauta ne, danna alamar sautin da kake so a fara daga kanta sannan ka buga dogon madannin nan na ƙasan kibod, daga nan zai tashi, ka sake bugawa ya tsaya. Wurin da ke ba ka wuya kuma ka zaɓe shi duka ka kunna alamar maimaitawa, zai yi ta juya maka shi har hannunka ya saba. In kayan kiɗan sun yi yawa danna F10, miksa (wurin daidaita sautin kowane kayan kiɗa) za ta buɗe, kowanne yana da S da M, S na nufin shi kaɗai za ka ji, M kuma ka rufe masa baki.

Ni dai da ma a ce rage sauri madanni ɗaya ne, mai riƙe da ud ina ya ga hannun neman linzamin kwamfuta? Shi ya sa nake fitar da waƙar MP3 in buɗe a VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, madannin [ yana rage sauri, ] yana ƙarawa. Ka fara a hankali tukuna, kar ka ce sai ka kamo saurin asali ran farko.