Yadda ake gano abin da ke sa allurar zafi rawa a tsohuwar Fijo 504

Mai tsohuwar Fijo 504, irin waɗanda aka haɗa a Kaduna, ya san faɗuwar gaban da ake yi in allurar zafi ta haye ja. Kafin ka kashe ko sisi, fara gane injin ne ya yi zafi, ko gejin ne ke ƙarya.

Da farko lura da tafiyar allurar. Ruwa ba ya zafi ko hucewa cikin ƙiftawar ido. In tana tsalle lokacin da ka faɗa rami ko ka kunna fitila, matsalar lantarki ce. In kuwa a hankali take hawa tana sauka, sai a koma wajen ruwa.

A ɓangaren lantarki, buɗe bonet ka nemi ɗan sansa, wato abin da ke auna zafin ruwa ya aika wa geji, da ke ɗaure a kan injin, mai waya ɗaya. Sau da yawa za ka tarar da bakin wayar ya yi kore, yana lilo. Kankare shi ka matse. Sannan ka kunna makulli ba tare da ta da injin ba, ka zare wayar: allura ta kwanta ƙasa. Taɓa wayar da jikin injin na daƙiƙa biyu kawai: allura ta tashi sama. In ta yi haka, geji da waya lafiya lau, sansan ake zargi. Kada ka manta da wayar nan mai kauri da ke haɗa injin da bodi. Tsatsa a gindinta kaɗai ta isa ta rikita geji.

Shi kuwa ruwa, bari injin ya huce sarai kafin ka taɓa murfin lagireto, don tururinsa na saɓule fata. Duba ko ruwa ya ragu. Iskar da ta maƙale takan bar sansa a bushe, ruwa ya dawo ya rufe shi, allura ta yi ta kai da komo. Cika, ka bar injin yana aiki murfi a buɗe har kumfa ta ƙare. In ta ƙi ƙarewa, gaskit ake tuhuma, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da gangar jikinsa.

Sai tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in injin ya yi zafi. Cire ta ka jefa cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ya kamata ta buɗe kafin ruwan ya tafasa. Wasu makanikai kan ce a yar da ita wai ƙasarmu da zafi. Ni dai ban yarda ba, injin da ke aiki a sanyaye mai yake sha, ya kuma saurin cinyewa. In ta maƙale, sayo sabuwa ka ɗaura.