Yadda Ake Koyar da Kari, Waƙa da Motsi a Ajin Ƙaramar Sakandare

Kada malami ya fara da allo. Yaro ɗan shekara 11 zuwa 14 ƙafarsa ke riga kansa kama kiɗa, kuma a kan haka ne Émile Jaques-Dalcroze, malamin kiɗa ɗan Suwizalan, ya gina tsarinsa a farkon ƙarni na 20.

A darasin minti 40, a ture kujeru gefe, a yi da'ira. Minti biyar na farko taku ne zalla: dama, hagu, a tsaye wuri ɗaya, kimanin bugu 90 a minti. Idan taku ya zauna, sai a ɗora tafi. Malami ya tafa salo mai bugu huɗu, aji su mayar nan take, ƙafa kuwa ba ta tsaya ba. Salo shida zuwa takwas sun wadatar. Sannan a shigo da bugun cinya da ƙyasta yatsa, yadda tsarin Carl Orff, masanin kiɗa ɗan Jamus, ya tanada, a raba aji biyu: rabi su riƙe taku, rabi su yi salo, can a yi musanya.

Babbar matsalar ita ce gudu. Sautin tafi gajere ne, shirun da ke biye da shi kuma yara ba sa iya jure masa, sai su yi ta gaggawa har kari ya watse. Tsawa ba ta gyara wannan. A mayar da tafin na yatsa biyu a tafin hannu domin su ji juna, kuma su riƙa ware hannu sosai tsakanin tafi da tafi.

Waƙa a koyar da ita baiti-baiti, malami na bayarwa, aji na amshi. A nan ake bukatar lura. A waɗannan shekaru maƙogwaron samari na girma, muryar wasu tana sauka har matakin sauti takwas, kuma a tsakiyar sauyin yaro kan rage da sauti biyar ko shida da yake iya riƙewa. A sauke waƙar zuwa inda muryarsa take, ko a ba shi amshi mai sauti kaɗan. Kada a taɓa tsayar da shi ya rera shi kaɗai a gaban aji. Dariya ɗaya na iya rufe masa baki shekara guda.

Motsi kuwa kunya ce ke hana shi, don haka a fara da rausaya, kowa a lokaci ɗaya. Daga baya a kasa su huɗu-huɗu, kowane rukuni ya ƙirƙiro motsi mai bugu takwas da zai hau amshin. Minti biyar za a ba su, in ya wuce haka surutu zai ci wurin. Sai a minti biyar na ƙarshe malami ya rubuta a allo alamomin salon da suka riga suka tafa.