Yadda Ake Gano Matsalar Kwamfutar Tebur Da Ta Ƙi Tashi Bayan An Ɗauke Wuta

An ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, bayan awa biyu aka kawo. Fanka ta juya, firiji ya ɗauka, amma ka danna maɓallin kwamfuta shiru kake ji. Masu shagunan buga takardu a Nima da Mamobi da Madina sun san wannan tashin hankalin tun zamanin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Gana, ya yi tsanani a 2014 da 2015. Kafin ka ce ta ƙone ka ɗauke ta sai wurin masu gyara a Circle da ke Accra, ka sani cewa sau da yawa abin da ya lalace ƙarami ne, wani lokaci ma babu abin da ya lalace. Dabarar ita ce ka bi hanyar da wutar take bi, daga bango zuwa cikin kwamfuta, kana gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Yawanci ɓarnar ba a lokacin ɗaukewa take faruwa ba, sai lokacin dawowa. Wutar gida a Gana bolt 230 ce, amma a daƙiƙun farko da aka maido ta takan yi tsalle sama ko ta faɗi ƙasa, ko ta zo ta koma sau biyu sau uku kafin ta zauna. Haka ma idan ana sauyawa daga wutar kamfanin lantarki na ECG zuwa janareta. Wannan bugun kan akwatin wutar kwamfuta yake fara sauka, wato fawa sofulai, ƙaramin akwatin ƙarfen nan mai fanka da wayar bango take shiga a baya.

Fara da hancinka

Sunkuya ka shinshina bayan kwamfutar wajen fankar akwatin wuta. Idan ka ji ƙaurin roba, ko an ji ƙarar "fas" lokacin da wuta ta dawo, zare wayar nan take, kada ka sake jonawa. Akwatin da ya ƙone yana iya jan madabod, babban allon da kayan cikin kwamfuta suke jone a kansa, su tafi tare idan aka ci gaba da matsa masa. Idan babu wari, sai a ci gaba.

Bango, ekstenshan da fulogi

Jona cajar waya ko fitila a soket ɗin da kwamfutar take. Idan babu wuta, duba makunnin soket, da birekar gida, da kuɗin da ya rage a mita. Ka lura kuma ko wutar tana da ƙarfi: fankar sama tana juyawa a kasalance, ƙwai ya yi ja, to wutar ce ba ta cika ba. Tsofaffin akwatunan wuta ba sa tashi idan ta yi ƙasa da bolt 180. Wannan jira yake so, ba gyara ba.

Daga nan cire ekstenshan da sitabilaiza (na'urar daidaita ƙarfin wuta) da UPS (akwatin batiri mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) daga tsakani, ka jona kwamfutar kai tsaye a bango. Wasu sitabilaiza suna da jinkirin da aka gina musu, sai sun yi kamar minti uku kafin su saki wuta. UPS kuwa idan batirinsa ya mutu yakan ƙi bayar da wuta ko da akwai ta a bango, kuma batirin nan mai bolt 12 ba kasafai yake wuce shekara biyu zuwa uku a zafin Accra ba.

Sai fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi. A cikinsa akwai fiyus, kuma mutane da yawa ba sa tunawa da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ari wayar monita, domin galibi bakinsu ɗaya da ta kwamfuta. Idan ta tashi da wayar aro, fiyus ne ko wayar. Sa sabon fiyus mai lamba ɗaya da wanda ka cire, sau da yawa amfiya 5 ne. Kada ka naɗe shi da zaren waya ko takardar gwangwani yadda wasu suke yi. Idan sabon fiyus ya sake tsinkewa nan take, akwatin wutar ne ya haɗe a ciki.

A bayan wasu akwatunan akwai makunni mai alamar I da O, ya kasance a kan I. Akwai kuma wani ɗan jan makunni mai rubutun 115 da 230 a tsofaffin kwamfutoci, musamman na hannu da ake shigowa da su daga Amurka. A Gana dole ya tsaya a 230. Kada ka taɓa matsar da shi zuwa 115 da sunan gwaji, domin kana jonawa zai fashe.

Zubar da ragowar wuta

Wannan mataki ba ya cin ko sisi, kuma yana tayar da kwamfutoci da yawa da aka riga aka yanke musu ƙauna. Akwatin wuta yana da kariya a ciki: idan ya ji bugun da ya wuce kima sai ya kulle kansa, kuma ba zai buɗe ba sai wutar da kapasitocinsa, wato 'yan kayan cikinsa masu tara wuta, suka riƙe ta ƙare sarai. Zare wayar daga bayan kwamfuta, ka cire duk abin da ke jone, firinta, filasha, wayar intanet, har madannai da linzami. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe daƙiƙa 30. Bar ta minti biyar, sannan ka maida wayar wuta ita kaɗai ka gwada. Idan ta tashi, kashe ta ka riƙa maido da kayan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka jona ta sake ƙi, shi ne mai laifin. Wayar intanet da ta firinta su ma hanya ce da bugun wuta yake bi ya shigo, musamman lokacin tsawa a damina.

Gwada akwatin wuta

Idan har yanzu shiru, zare waya ka buɗe murfin gefe. Kafin ka taɓa komai a ciki, dafa ƙarfen jikin kwamfutar don ka sauke wutar da jikinka ya tara, balle a lokacin hunturu da iska take bushe. Maida waya ka duba ko akwai ƙaramar fitila da ta kama a kan madabod. Tana nuna cewa bolt 5 na jiran aiki yana isowa. Ba kowane madabod ke da ita ba, amma idan akwai kuma ba ta kama ba, zargi ya koma kan akwatin wuta.

Yawancin Dell OptiPlex suna da ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayan akwatin wutar. Danna ka riƙe: idan fitilar ta yi kore fanka ta juya, akwatin yana da rai.

Ga sauran kwamfutoci masu babban kan waya mai rami 24, ga yadda ake yi. Zare wayar bango. Cire babban kan daga madabod, da ƙaramin mai rami 4 ko 8 da ke kusa da furosesa, da wayoyin faifai, wato hadis ɗin da ke ajiye fayiloli. A cikin wayoyin babban kan akwai koriya guda ɗaya tak, ita ce ta 16. Lanƙwasa ƙarfen maƙale takarda kamar harafin U, ka sa baki ɗaya a ramin koriyar, ɗayan a ramin baƙar waya da ke gefenta. Janye hannunka, sannan ka jona wuta. Idan fanka ba ta ko motsa ba, akwatin ya mutu. Idan ta juya, kada ka yi saurin wanke shi, domin akwati yana iya juya fanka amma ya kasa ɗaukar nauyi. Auna da maltimita, na'urar auna wuta, baƙin tsinke a kan baƙar waya: rawaya ta ba da tsakanin bolt 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25, mai ruwan lemo kusan 3.3, mai ruwan shuni (purple, ba shuɗiyar ba) ta ba da 5 ko da ba a haɗa koriyar ba. Wanda ya fita daga wannan iyaka a canza shi.

Abu biyu za a kiyaye. Sababbin Dell da HP da Lenovo na ofis da yawa suna da nasu kan waya mai rami 6 ko 8 ko 10, launukan wayoyinsu kuma ba su bi wannan tsari ba, saboda haka kada a yi musu wannan gwaji. Na biyu, kada ka kwance akwatin wutar kansa. Babban kapasitan da ke ciki yana riƙe sama da bolt 300 bayan an zare waya, kuma yana iya kashe mutum.

In za ka sayi wani a Tiptoe Lane, kasuwar kayan lantarki ta Circle, ko wani wuri, tafi da tsohon a hannu, domin ƙananan kwamfutocin ofis kowace da siffar akwatinta. Duba wat ɗin da ke kan takardar jikinsa, ka sayi daidai shi ko sama, kuma a gwada shi a gabanka. Akwatin da ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, bar shi.

Idan akwatin lafiya yake

Maida wayoyin da ka cire. Maɓallin gaba ma yana lalacewa. Bi siririyar wayarsa har inda ta shiga madabod, wurin da aka rubuta PWR SW, ka cire ta, ka taɓa ƙusoshin nan biyu da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Idan ta tashi, maɓallin ne.

Idan fanka tana juyawa amma babu hoto, ko tana tashi tana mutuwa, zare wuta ka cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. Bar shi a waje minti biyar ka maida, wannan yana goge saitin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, da ɗaukewar wuta ta hargitsa. Sabo yana ba da bolt 3 ko ɗan sama, wanda ya faɗi ƙasa da 2.7 a sauya. Bayan haka sai ka gyara kwanan wata da agogo. Sannan RAM, siririn allon ƙwaƙwalwar nan da ke soke a madabod: buɗe maƙallan gefe biyu, zaro shi, goge bakin zinaren da abin goge fensir, hure ƙurar ramin, ka maida guda ɗaya ka danna sai ka ji ya ce "ƙas". Idan ka kunna babu RAM ko ɗaya ta yi ƙara ko fitilar gaba tana ƙiftawa, alama ce mai kyau, madabod yana ji. Ƙirga ƙarar ko ƙiftawar, kowane kamfani yana da fassararta a littafin kwamfutar.

Haska tocila a kan madabod ka dubi kapasitoci, ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye. Saman lafiyayye a shafe yake. Wanda ya kumbura ko ya tsiyayar da abu mai ruwan ƙasa ya mutu. Wannan, ko tabon ƙuna, aikin mai gyara ne. Amma ka gaya masa tun a bakin ƙofa kada ya goge faifanka. Galibi takardu da hotuna suna nan daram, ana iya zare faifan a jona a wata kwamfuta a kwashe su.

Idan kuwa ta tashi amma Windows ya tsaya yana gyaran kansa, ƙyale shi ya gama ko zai kai awa ɗaya. Bayan ya buɗe, a gudanar da umarnin chkdsk /f a Command Prompt don daidaita fayilolin da aka katse ana cikin rubuta su.

Kafin a sake ɗaukewa

Da an ɗauke wuta kashe soket ko ka zare waya, in an kawo ka ba ta minti biyar ta zauna. A cikin BIOS akwai saitin abin da kwamfuta za ta yi idan wuta ta dawo, Dell suna kiransa AC Recovery, a bar shi a kashe don kada ta tayar da kanta cikin wutar da ba ta daidaita ba. UPS mai 650VA ya ishi kwamfutar ofis ɗaya da monita, zai ba ka 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe ta yadda ya kamata. Kada ka haɗa masa firintar leza ko injin fotokwafi, wutar da suke ja lokacin ɗumama ta fi ƙarfinsa. Sa mai aikin lantarki ya tabbatar wayar ƙasa ta soket ɗin tana aiki, domin ekstenshan mai kariya ba ya yin cikakken aikinsa in babu ita, kuma a ɗakunan haya da yawa ramin sama na soket ba a haɗa shi da komai ba.